Abin da Aka Zuba wa Balki a Kumatu

Ni Habsu, mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a Tasawa, ni na yi jinyar ƙanwata Balki wata shida, daga tsakiyar bazara har aka shiga girbin hatsi. Da izininta nake rubuta wannan, ko da yake sai da muka yi kwana uku ba ma magana kafin ta yarda. Na gode wa Allah da ya bar mana ita da idonta biyu. Amma kada wani ya ce in haɗiye takaicina, don wallahi har yau in na tuna sai in ji kamar in kama ta in jijjiga.

Balki madam ce, tana koyar da 'yan ajin farko a wani lakkol na ƙauye can wajen Atantane. Aikin kwantiragi ne, ba a riga an ɗauke ta dindindin ba. Mijinta yana arewa wajen haƙar zinariya, sai a salula ake jinsa. A gidanmu na Maijirgi ana yi wa ɗiya zane a kumatu, tsaga uku-uku, kuma Balki ce ta ƙarshe da aska ta taɓa, daga kanta aka daina. Ni ina da nawa, bai taɓa tsare mini komai ba. Ita kuwa tun tana makarantar horon malamai ta tsane shi. In za a ɗauki hoto sai ta karkata kai ta ja gyale. Shekara uku da suka wuce na ga kumatunta sun ciko, zanen ya dushe, har na yi mata ba'a na ce albashi ya karɓe ta. Ta yi dariya ta bar ni a haka.

A watan huɗu na bana ta sauka daga kabo-kabo a ƙofar gidana da takunkumi a fuska, irin wanda aka sa lokacin korona. Na ce ke lafiya, cikin wannan zafi? Ta ce direktan lakkol ne ya ce ta je ta nemi magani. Ashe ta fi wata tana koyarwa da ƙyallen nan, wai ƙurar alli ke damunta. Direkta ya yi haƙuri har ya gaji, ya ce mata yaran da ake koya wa haruffa sai sun ga bakin madam, sun ga inda leɓe ke zuwa, in ba haka ba yaya za su raba wannan harafi da wancan? Ya ba ta har a dawo bakansi, wato babban hutu, a watan goma. In ta dawo fuska a buɗe, ajinta na nan. In ba haka ba dole ya kai magana sama a ba wani.

Na fizge ƙyallen. Kuncin hagu ya kumbura suntum, ya yi ja yana sheƙi. Da na taɓa sai na ji wasu ƙullutai masu tauri kamar gurjiya a ƙarƙashin fata, na dama ma akwai su amma ƙanana. Na tambaye ta mi ya same ta. Ta ce haƙori ne ya yi mata ciwo da zazzaɓi, daga nan abin ya taso.

Washegari muka je likita. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, mutumin kirki, ya duba ya sake dubawa, ya ce, “Madam, kin shafa wani abu? An taɓa yi miki wani aiki a wurin?” Ina tsaye, kunnena na ji, ta dubi mutumin nan ƙiri-ƙiri ta ce a'a. Sau biyu ya tambaya. To mi zai yi? Ya rubuta odonans na ƙwayoyin mako guda, ya tura mu wajen mai cire haƙori. Aka cire mata turmi ɗaya da ya ɗan ruɓe. Kumburin ya sassauta kwana huɗu, muka fara murna, sai ya dawo da ƙarfinsa.

Mako na biyu da na uku na masu shawara ne. Ban san unguwarmu cike take da likitoci ba sai da ciwo ya shigo gidana. Wannan ta ce hangum ne, a jiƙa gidan zanzaro a shafa. Muka shafa. Waccan ta ce kambun baka ne, mace ta yi kyau ga albashi, ai dole baki ya kama ta, a karɓo rubutu. Muka karɓo. Wata har da kawo man kaɗanya da aka yi wa tofi. Balki na zaune kamar gunki, duk abin da aka miƙo sai ta karɓa, ba um ba um-um.

Ba zan wanke kaina ba, ni ma na yi nawa. Aikina ke nan tun ina budurwa, in zuba ruwan zafi a tunkuza in murza har mai ya fito. Sai na ce wannan ma gashi yake so. Safe da yamma in dafa ruwa, in tsoma tsumma, in danna kuncin nan in murza ƙullutan da babban yatsa. Kwana goma ina yi. Hawaye na zuba a idonta, ina ce mata ta daure, raki ya yi mata yawa. Ta san abin da ke ciki, ta san ba ƙurji nake matsa ba, amma ta gwammace in murje mata fuska da ta buɗe baki.

A mako na biyar Inna ta aiko mu zo Maijirgi. Ta dubi fuskar ta ce ai wannan ba ya buƙatar dogon zance, mataccen jini ne ya taru, ƙaho ne maganinsa. Ta aika a kira Baba Ilu, wanzamin gidanmu, wanda shi ya yi wa dukanmu aski da zane, shi ya cire mana beli. Ya tsufa, idonsa ya rage, amma hannunsa na nan. Ya zo da hantsi da zabirarsa, aka shimfiɗa tabarma a inuwar bedi.

Ya daɗe yana shafa kuncin da yatsu. Ya ce, “Ikon Allah. Ni dai ban taɓa sanin zanena ya cike ba.” Inna ta ce kumburi ne ya shafe shi, ya dai yi aikinsa. Ya yi 'yan tsage-tsagensa ƙanana a gefen hagu, ya kafa ƙaho ya zuƙa, ya toshe. Da ya cire ya juye a kasko, sai ga jini, a samansa kuma wani abu garai-garai yana yawo, ya ƙi haɗuwa da jinin. Ya dangwala ya murza a yatsu, ya sansana, ya miƙo mini.

“Ke da kika san mai, mi ne ne wannan?”

Na taɓa. Santsi gare shi fiye da man gyaɗa, ba wari, ba ƙamshi. Na ce, “Baba, wannan dai bai yi kama da abin da jikin mutum ke yi ba.”

Ya juya wajen Balki, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Auta, kina da kwana bakwai na riƙe kan nan naki a tafin hannuna. Na san fuskar da na yi wa aiki. Gaya mini gaskiya, mi aka zuba a ciki?”

Abin da majo bai samu ba, abin da ni da nake kwana ɗaki ɗaya da ita ban samu ba, tsohon nan ya samu da tambaya guda. Ta fashe da kuka ta faɗa. Wai a bikin wata ƙawarta ne aka kawo wata mata mai gyaran amare daga ƙasashen bakin teku. A uwar ɗaka take aiki, tana zuƙo ruwa daga wata kwalba marar rubutu tana yi wa mata allura a kumatu da leɓe. Ta ce iri biyu ne. Akwai mai narkewa bayan shekara, sai an riƙa sakewa, akwai kuma na har abada, sau ɗaya an gama. Ta ce zai tayar da ramin zanen ya daidaita da fata. Balki, mai ilimin gidanmu, ta zauna ta yi tunaninta na tattali ta zaɓi na har abada. Su biyar aka yi wa ran nan. Lambar matar kuwa ta daɗe da daina shiga.

Ban san sa'ad da na miƙe ba. Na zazzaga mata ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce an cire miki haƙori, an shafe ki da laka, na ƙona miki fuska kwana goma, yanzu an tsaga ki da aska, duk kina kallonmu kamar mahaukata? Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Auta, ashe zanen ya dame ki haka? Da kin faɗa mini ai da na ba ki haƙuri.” Wannan ta fi duk faɗana yi wa Balki zafi. Baba Ilu ya wanke ƙahonsa, ya ƙi karɓar ko dala, ya ce da ya sani ba zai sa aska ba, mu kai ta likita tun wuri don wannan ya fi ƙarfin zabira.

Mun so mu bari ta ɗan huta tukuna, sai ga shi kwana uku ba su cika ba wuraren tsagar suka ɗuri ruwa. Kunci ya haɗe da ido, idon hagu ya rufe ruf, jikinta ya yi zafi rau, tana ta rawar ɗari. A amalanken jaki muka kai ta bakin hanya, muka tari mota zuwa Tasawa. Aka kwantar da ita, aka sa ƙarin ruwa da allurai, aka tsaga wurin aka fitar da mugunya mai yawa. Wannan karon ni na yi bayani, ban bar ta ta buɗe baki ba. Majon nan na farko ya zo ya tsaya a kanta, bai yi faɗa ba, ya ce kawai, “Madam, ai na tambaye ki.” Kwana tara muka yi. Ranar da idon ya buɗe ta ce tana ganina, na fita bayan ɗaki na yi kukana na share, na dawo na ci gaba da yi mata faɗa.

Daga nan aka ba mu takarda zuwa Maradi a yi eko, wato hoton da ake ɗauka da na'ura ana goga ta a fata. Wanda bai yi layin asibitin birni ba bai san haƙuri ba. Ka zo da sassafe ka tarar da mutum talatin a gabanka, wasu sun aje takalmi ya riƙe musu wuri sun tafi shan koko. Kwana uku muna zuwa. A nan wata Bafillatana daga wajen Mayahi, da ta kawo mijinta, ta riƙa raba furarta da mu tana tsare mana layi in na je farmasi. Ban ko tambayi sunanta ba, Allah ya saka mata.

Likitan da ya gan mu saurayi ne mai gilashi, ba ya gaggawa. Ya juyo mana allon na'urar, duk ya yi fari-fari kamar an watsa gari. Kalma biyu na riƙe daga bakinsa. Ta farko silikon, shi ne yake zaton an zuba, ko da yake ya ce tunda kwalbar ba rubutu Allah kaɗai ya san mi aka gauraya. Ta biyu garanilom, sunan ƙullutan nan. Ya ce jiki ne ya ga baƙon abu ya kasa fitar da shi, sai ya yi ta gina masa katanga. Abin yakan kwanta shekaru lafiya lau, ranar da ciwon haƙori ko zazzaɓi mai ƙarfi ya zo sai ya farka. Ya ce mai narkewar nan, in likita na gaske ya yi shi ya ba da matsala, akwai allurar da ke narkar da shi. Wannan kuwa babu. Ba ƙwaya, ba allura, ba man shafawa.

Ni da bakina da ba ya iya shiru na ce, “Dakta, ba a iya matse shi ya fito? Mu haka muke yi wa tunkuza.” Ya dube ni ta saman gilashi ya ce, “Hajiya, ke ce kika yi gashin?” Na ce ni ce. Ya nuna mini wani wuri can ƙasa kusa da muƙamuƙi ya ce nan ba a yi allura ba, turo shi aka yi. Tun da aka haife ni ban taɓa jin kunya irin ta ran nan ba. Balki ta saci kallona, na ce in kin yi dariya sai na mare ki a ɓangaren mai lafiya.

Magani ya zama na dogon zango. Mako shida tana shan ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta, suna tayar mata da zuciya, ko kunu ta sha sai ya dawo. Da wurin ya huce aka fara yi mata allurar kortizon a cikin ƙullutan kansu, duk wata sau ɗaya. Damina ta sauka, kowa na gona, mu muna kan hanyar Maradi. Inna ta sayar da ragonta da awaki biyu, mijin Balki ya turo abin da ya samu, ni kuma kaskon suyata ya yi tsatsa, masu sayen maina suka koma wajen wata. Masu shawara dai ba su gaji ba. Goggonmu ta zo takanas ta ce a kai ta wajen wani mai magani da ke zare ciwo da ƙwai. Na ce Goggo, don girman Allah a bar mu haka, fuskar nan guda ce kuma kowa ya riga ya gwada hannunsa a kanta.

Gefen dama ya ji allura, ƙullutan suka yi laushi, sai dai wurin ya ɗan lotsa. Na hagu, wanda aka gasa aka tsaga, ya ƙi. Yau ya huce, jibi ya tsatso ruwa. Likita ya ce sai fiɗa, kuma sai Yamai.

A watan takwas muka tafi, yini guda cur a mota. Wadda ta yi aikin mace ce, siririya, ba ta da yawan magana. Ta zaunar da mu ta ce kada mu sa rai za a kwashe duka, don abin ya ratsa nama kamar yadda mai ke ratsa auduga, in za a cire shi sai an haɗa da naman. Ta ce akwai jijiyar da ke ɗaga leɓe a wurin, za ta yi iya ƙoƙarinta ta kauce mata. Wani ɓangaren ta cikin baki za ta bi. Inda fata ta riga ta lalace kuwa dole ta yanka ta waje, kuma ta kan tsohon zanen za ta bi don kada a ƙara sabon tabo a wani wuri. Awa uku ina zaune a benci ina jan carbi ina zagin matar kwalba a zuci, in tuna carbi ne a hannuna in yi istigfari in sake komawa.

An yi aiki lafiya, wannan likita Allah ya ƙara mata basira. Ruwan ya daina zuba, ciwon ya tafi. Amma da aka cire bandeji, zane biyu na hagu sun fi da tsawo da zurfi, kuncin ya faɗa, kuma in ta yi murmushi gefen leɓen nan sai ya makara, ba ya tashi tare da ɗan'uwansa. Likita ta ce wataƙila ya gyaru da watanni, wataƙila ya tsaya haka. Ta ce sauran abin na nan ciki, ta kula da haƙoranta, kada ta bar zazzaɓi ya kwana biyu, kuma duk likitan da za ta gani har ƙarshen ranta ta fara gaya masa wannan.

Shi ya sa nake rubutawa. 'Yan'uwana mata, duk wadda ta ce muku allurarta ta har abada ce, ku gane wahalar ma ta har abada ce. In kuma an riga an yi, to ranar da wurin ya fara tauri ko ja, ku faɗa wa likita tun tambayar farko. Kada a gasa, kada a matsa, kada a sa ƙaho. Su huɗun nan da aka yi wa tare da Balki, mun samu biyu mun gaya musu, ɗaya ta gode, ɗaya ta ce ita ba a taɓa yi mata komai ba.

Da muka dawo Tasawa Balki ta koma cikin takunkuminta. Ko ƙofar gida za ta leƙa sai ta ɗaura. Watan tara gaba ɗaya faɗa muka yi. Ta ce ba za ta koma aji ba, a ba wani, yara ba su da sakaya magana, za su tsaya kallon bakinta su yi ta dariya. Na ce to da can ba bakin ake so su kalla ba? Na ce an sayar da ragon Inna don ki zauna a ɗakina kina kallon bango? Na ɓoye ƙyallen, ta ɗinka wani. Na ƙona shi a murhu, ta yi kwana biyu ba ta ci abincina ba. Amma ina jinta da rana in na fita tsakar gida, tana gaban madubi tana maimaita haruffa ɗaya-ɗaya, tana gwada leɓen.

Ranar komawa lakkol sai ga ta ta shirya da kanta, na ce sai na raka ta, don ban yarda ba za ta sauka a hanya ba. Muka isa da hantsi. Ajin nata rumfar zana ce, yara sun fi sittin a kan tabarmi, sababbi, wasu na kukan uwa. Direkta na tsaye nesa kaɗan da takardunsa, ya gaishe mu ya kau da kai. Balki ta tsaya a bakin rumfar ta kwance takunkumin da ta sa a hanya. Yaran gaba suka zuba mata ido. Wata 'yar ƙarama ta nuna ta da yatsa ta raɗa wa ta kusa da ita wani abu, suka ƙyalƙyale.

Ni da na yi wata guda ina ƙona ƙyalle, sai ga ni na kama hannunta ina mayar mata da shi wajen fuska. Na ce, “Sa abinki yau kaɗai, ni zan roƙi direkta.”

Ta dube ni, ta cusa mini ƙyallen a tafin hannu. “Yaya, don Allah ki tafi gida, kin cika surutu.”

Ta shiga ta ɗauki alli. Ta ce wa yaran su kalle ta da kyau, su kalla har su ƙoshi, don bakin nan za su yi ta kallo har shekara ta ƙare. Ta rubuta harafin farko a tablo, ta juyo ta buɗe bakin nan nata da ya karkace ta faɗe shi, yara sittin suka amsa. Ni kuwa na koma bayan rumfa na tsuguna, na share hawaye da majina da ƙyallen, ina jin haushinta kamar in mutu.